Tambihi Ga Malamai Da Almajirai A Kan Ƙanzon Da Zaƙi Ke Bari Cikin Jiki

 

Ku sani akwai wata ɓarna da zaƙi ke yi wa jikin ɗan Adam wadda ba ta zafi ran da ta fara, ba ta sa zazzaɓi, ba ta kayar da mutum ga shimfiɗa. Shekaru ta kan yi tana aiki a ɓoye. Ran da ta bayyana sai a ga dattijo ido ya yi yana, ƙafa ta mutu har ba ta jin ƙaya, ƙoda ta gaza, sai a ce tsufa ne, waɗansu su ce sammu ne. Nufinmu mu bayyana yadda wagga ɓarna take aukuwa bisa ga abin da likitoci sunka gano da gwaji, sa'an nan mu faɗi ra'ayinmu a fili. Ra'ayin kuwa shi ne, lokacin tsare ta shi ne sa'ad da mutum ke jin kansa garau, kuma malamai su ne farkon waɗanda ya kamata su rage sukarin zaurensu, su miƙa yatsa a auna jininsu.

Fasali na fari: mene ne ƙanzo

Kowa ya san ƙanzo. Tuwo shina fari da taushi cikin tukunya, amma abin da ya kwanta ga gindinta sai shi yi ja, shi taurare, shi manne har sai an jiƙa an kankare. Haka ƙosai ke ja cikin mai, haka bayan burodi, haka tsire a bakin wuta. Dalili shi ne abinci shina ɗauke da abu biyu: akwai zaƙi, akwai kuma abin da likitoci ke kira furotin, watau sinadarin da anka gina nama da fata da jijiya da shi. In wuta ta haɗa su sai zaƙin shi kama furotin, su zama wani abu na uku mai launin ƙasa da tauri.

Wanda ya fara bayyana wanga al'amari wani likita ne Bafaranshe, Louis Maillard, a shekara ta 1912, wanda daga baya ya koma Aljaza'ir shina karantarwa. Tun a lokacin ya yi zaton abin da ke aukuwa cikin tukunya zai yiwu shi auku cikin jiki, musamman ga masu ciwon sukari. An yi fiye da shekara 50 kafin a tabbatar da zatonsa.

Abin lura a nan, wuta gaggauta abin kawai take yi. Ko babu ita shina aukuwa sannu a hankali. Ku duba zuma da ta daɗe cikin tulu yadda take ƙara duhu, da madarar gari da ta daɗe a shago cikin bazara yadda take canza launi. To, jikin mutum shina da ɗumi na digiri 37, dare da rana, tun daga ciki har kabari. Wuta ce ƙanƙanuwa, amma wadda ba a taɓa kashewa ba shekara 60 ko 70.

Fasali na biyu: yadda abin ke aukuwa cikin jiki

Duk abin da munka ci na gero da dawa da masara da shinkafa da rogo da dankali, hanji shina narkar da shi shi mayar da shi wani irin zaƙi da ake kira gulukos, shi zuba shi cikin jini. Wanga zaƙi abinci ne na gaɓoɓi, kuma ƙwaƙwalwa da shi take rayuwa, don haka babu mai cewa a rabu da shi. Amma an yi masa mudu. Jinin baligi kamar lita 5 ne, kuma duk gulukos ɗin da ke yawo cikinsa ga mai lafiya da bai ci komi ba bai wuce giram 4 ko 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi guda. Mai tsaron wanga mudu wani sinadari ne, insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi ke fitarwa. In ya ƙaranta, ko jiki ya bar jin maganarsa, sai zaƙi shi taru cikin jini. Wannan shi ne ciwon sukari.

Gulukos shina da hali guda, shi kan manne ga furotin ba da an sa shi ba. Mannewar kuwa hawa uku ce, kuma almajiri zai gane ta da kayan karatunsa. Hawa na fari kamar tawada ce a kan allo, cikin sa'o'i take kamawa, in zaƙin jini ya sauka sai ta wanke. Hawa na biyu kamar tawada ce a kan takarda, kwanaki ko makonni take ɗauka, kuma fitarta da wuya. Hawa na uku kamar baba ne da ya kama zane a marina, watanni da shekaru shike ɗauka, in ya kama kuwa ya kama ke nan. Wanga na uku shi muke kira ƙanzon jiki cikin wagga takarda.

Abu biyu ke hukunta yawan ƙanzon da mutum zai tara: yawan zaƙin da ke cikin jininsa, da tsawon kwanan abin da zaƙin ya manne wa. Jiki shina rushe tsofaffin kayansa shina gina sababbi, amma ba duka da sauri guda ba. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a canza ta. Zaren da ke riƙe fata, wanda ake kira kolajin, sai ya yi kamar shekara 15 kafin a sabunta rabinsa. Na guringuntsin gaɓoɓi kuwa lissafinsa ya wuce shekara 100, watau wanda mutum ya girma da shi da shi za a rufe shi. Akwai kuma wani ɗan madubi garai-garai bayan baƙin ido wanda haske ke ratsawa, tsakiyarsa tun mutum shina ciki anka gina ta, ba a kuwa sake ta har abada. A shekara ta 1981 waɗansu masana biyu a Amurka, Vincent Monnier da Anthony Cerami, sunka nuna furotin na wanga madubi shina ja shina ɗaurewa da zaƙi kamar yadda abinci ke yi, sunka ce wannan na cikin sababan tsufa.

Ku ɗauki misali ga majema. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda tun zamanin ayari ake kai ta hayin Sahara, in an feɗe ta taushi gare ta. Majemi shina jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa, ruwan shi shiga tsakanin zarurrukan fatar shi ƙulla wannan da wancan, sai ta zama kirgi mai ƙarko. Ga jaka da sirdi wannan alheri ne. Amma zaƙi ma shina yi wa zaren jikin mai rai irin wanga ƙulli, jijiyar jini kuwa aikinta ta buɗe ta tsuke da kowane bugun zuciya. In ta jemu sai ta sandare, zuciya ta riƙa turawa da wahala, jini shi hau. Shi ya sa ake samun mai daɗaɗɗen ciwon sukari in ya haɗa tafukan hannunsa biyu yatsu ba su kwantawa bisa juna, ko kafaɗa ta riƙe har sa riga shi zame masa aiki.

Ɓarnar ba ta tsaya ga tauri ba. A shekara ta 1992 anka gano jikin ƙwayoyin halitta shina da waɗansu ƙofofi masu jin taɓawar wanga ƙanzo, in sun ji shi sai su tayar da kumburi na ɓoye wanda ba shi lafawa. Waɗanda ke fara shan wuya su ne ƙananan jijiyoyin jini masu sirantaka fiye da gashi, na bayan ido da na ƙoda da masu ciyar da jijiyoyin ji na ƙafa. Ƙoda ita ke tace gutsattsarin ƙanzon ta fitar da su cikin fitsari, don haka in ta raunana sai su ƙara taruwa, su ƙara raunana ta. Akwai waɗansu hanyoyi kuma da yawan zaƙi ke cutar da jiki, amma wagga tana cikin manyansu.

Fasali na uku: shaidar da ke cikin jini

A shekara ta 1968 wani likita a Tehran ta ƙasar Iran, Samuel Rahbar, shina binciken jan sinadarin jini, sai ya ga wani yanki nasa ya yi yawa ga masu ciwon sukari. Da anka bincika sai anka tarar jan sinadarin ne wanda zaƙi ya manne wa. A 1976 Cerami da abokan aikinsa sunka nuna ana iya auna shi a san halin da jinin mutum ya kasance ciki. Sunan wanga awo HbA1c. Tun da jar ƙwaya kwana 120 take yi, awon shina ba da labarin wata 2 ko 3 da sunka wuce, ba shi kuwa ruɗuwa don mutum ya ƙi shan shayi daren jiya. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa wanda awonsa ya kai 6.5 cikin 100 shina da ciwon sukari.

Sai dai a ƙasarmu akwai abin kiyayewa. Duk abin da ke gajarta kwanan jar ƙwaya, kamar amosanin jini da ake kira sikila, ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko zubar jini, shina iya sa awon shi fito ƙasa da gaskiya. Don haka a gaya wa likita in akwai ɗayan waɗanga, a haɗa da awon yatsa na safe kafin a ci komi. A wanga awo, wanda ya kai 126 har sau biyu, ciwon ya tabbata.

Shin rage zaƙin jini shina hana ɓarna? An gwada. Daga 1983 zuwa 1993 anka bi mutum 1,441 masu ciwon sukari a Amurka da Kanada, anka raba su biyu. Waɗanda anka tsananta wa kulawa har zaƙinsu ya kusanci na masu lafiya, haɗarin fara ciwon bayan ido ya ragu gare su da 76 cikin 100. A Ingila ma anka yi wani gwajin a kan manya fiye da 5,000, sakamakonsa ya fito a 1998, ya nuna raguwar cutar ido da ta ƙoda.

Amma ga abin da ya fi cancanta ku riƙe. Bayan gwajin Amurka ya ƙare, zaƙin jinin ƙungiyoyin biyu ya dawo kusan daidai da juna, aka ci gaba da bin su shekara da shekaru. Sai anka ga waɗanda sunka kula tun farko suna nan da rinjayensu, waɗanda sunka makara kuwa ɓarna tana bin su ko da yake sun gyara daga baya. Da anka yanki 'yar fatarsu anka auna, sai anka tarar yawan ƙanzon da ke cikinta shina nuna wanda idonsa da ƙodarsa za su fi taɓuwa nan gaba. Jiki shina riƙe lissafin shekarun da anka yi sakaci. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Fasali na huɗu: halin ƙasarmu

Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Dakta Anas Sabir da abokan aikinsa, sun auna Fulani mazauna birni da Fulani mazauna karkara. Cikin sakamakon da sunka fitar a 2011, na birni 4.6 cikin 100 ke da ciwon sukari. Cikin wanda sunka fitar a 2013, na karkara 0.8 cikin 100 ne. Asali guda, ƙasa guda, amma bambancin ya fi ninki 5. Ruwa ba shi tsami banza. Abin da ya raba su shi ne abin da ke shiga baki, da yawan zama, da ƙiba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya kuwa ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Kakanninmu na Gobir sun san zaƙi. Sun sha zuma, sun sha rake a fadama, sun ci mazarƙwaila da dabinon da Buzaye ke kawowa. Amma zaƙinsu shina da lokaci, shina da tsada, kuma mai shan rake sai ya tauna ya gaji kafin shi samu abin da ke cikin cokali 3. Farin sukari shi ya sauya lissafi. A 1964 masana'antar Bacita ta fara yin shi a Nijeriya, yau kuwa babu ƙauyen da ba a ƙulla shi a leda. Ya shiga koko da kunu, ya shiga fura wadda da nono kaɗai ke isar ta, ya shiga zoɓo, ga shayi dahuwa uku da ake yi a bakin kowane zaure, ga lemun kwalba a kowace walima.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa baligi iyaka: sukarin da ake zubawa cikin abinci da abin sha, har da zuma, kada shi wuce kamar giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, in an tsaya ga 6 ya fi. Da yawa cikin lemunan kwalba suna ɗauke da kamar giram 10 cikin kowane mililita 100, don haka robar rabin lita guda ta cinye rabon yini duka. Dokar kuɗi ta 2021 ta aza harajin naira 10 bisa kowace lita ta irin waɗanga abubuwan sha, anka fara karɓa a 2022. A ganinmu naira 10 ba ta hana kowa sha. Abin da zai hana shi ne sani.

Dalilin da ya sa munka fara da malamai shi ne rayuwar malami ta tara sababan ciwon wuri guda. Shina zaune bisa buzu tun asuba har bayan isha. Wanda ya zo gaisuwa da kwalin sukari shi kan zo. Suna da ɗaurin aure da sauka duk da shi ake yi, a kowane a aje masa kwalba, ƙin sha kuwa sai a ɗauka raini ne. Da azumi a kawo masa sukari buhu. Duk wannan girmamawa ce, ba mu kuwa zargin masu yin ta. Amma jarin malami idonsa ne da shike duba littafi, da yatsun da ke riƙe alƙalami, da gwiwar da ke lanƙwashe tsawon darasi, su ne kuwa wuraren da ƙanzo ya fi zama.

Kada wani shi ce wannan ba fagen malamai ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki ya wallafa littattafai a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta wanga ciwo cikin littafinsa na likitanci, ya ambaci zaƙin fitsarin mai shi da ruɓewar gaɓa.

Fasali na biyar: amsar masu musu

In wani ya ce, ai tsufa babu makawa, wanda bai sha sukari ba ma shina tsufa, mu ce gaskiya ne. Tsufa shina da sababai da yawa, kuma kowane mai rai shina tara ƙanzo ko da zaƙin jininsa daidai shike. Amma tukunyar da anka yi wa wuta kaɗan da wadda anka cika wa itace ba su kamawa lokaci guda. An auna zaren jikin masu ciwon sukari 'yan shekara 40 anka tarar taurinsa ya yi kama da na tsofaffi tukuf. Ajali na hannun Mai shi. Abin da muke magana a kai shi ne ko mutum zai cika kwanansa shina duba littafinsa da kansa, ko sai an ja masa sanda.

In wani ya ce, mutanen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga sunka kora daga gonakinsu, waɗansu tun 2019 sunka ƙetara ƙasar Maraɗi, yunwa ke damunsu, ina su ina zancen sukari, mu ce wannan ita ce hujja mafi nauyi, ba mu kuwa raina ta. Mai yunwa a ba shi abinci, wannan shi ne gaba da komi. Amma ku duba abin da ke aukuwa ga manomin da ya baro ƙauye ya zauna gari. Ya bar fartanya da tafiyar gona, ya bar rumbun gero da wake, abin da kuɗinsa ke iya saye shi ne burodi da shayi da garin rogo da sukari, don su ne masu arha masu toshe yunwa da sauri. Sauyin da ya raba Fulanin birni da na karkara shi ne ke samunsa, da ƙarfi kuma cikin ɗan lokaci. Bayan wannan, an bi 'ya'yan da anka ɗauki cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, anka tarar da sunka manyanta jikinsu bai iya sarrafa zaƙi kamar na sauran ba. Yaron da ya sha yunwa yau shi ya fi bukatar a tsare shi daga sukari gobe. Don haka mai niyyar taimakon 'yan gudun hijira, mudun wake ko na gero ko gyaɗa ya fi musu kwalin sukari.

In wani ya ce, zuma da dabino fa, ga albarkar da anka sani gare su, mu ce ba mu musun darajarsu. Amma mafi yawan abin da ke cikin zuma zaƙi ne tsantsa, shina kuwa shiga jini kamar yadda sukari ke shiga. Dabino 3 na buɗa baki daban, faranti cike daban. Mai ciwon sukari da ya bar farin sukari ya koma shan zuma da ludayi bai tsira ba. Zuma ga zaƙi ga harbi.

In wani ya ce, akwai masu magani a kasuwa da lasifika, suna cewa garinsu shina wanke sukari daga jiki cikin kwana 7, mu ce ku yi hattara. Manyan masana sun yi shekaru suna neman maganin da zai hana wanga ƙulli ko shi kwance shi. An gwada guda mai suna aminoguanidine a kan masu ciwon ƙoda cikin shekarun 1990, bai cika abin da anka sa rai ba, ba a kuwa sa shi kasuwa ba. Wanda ya bar maganin asibiti ya riƙe na mai lasifika, jininsa shina nan shina dahuwa, shi kuwa hankalinsa kwance, wannan ya fi rashin magani haɗari.

In wani ya ce, to ƙanzon tukunya da tsire da muke ci fa, mu ce wani yanki kaɗan nasa shina ratsa hanji shi shiga jini, kuma masana suna da saɓani a kan girman cutarwarsa. Wanda jiki ke dafawa da kansa shi ne anka fi tabbatar da sharrinsa. Hayaƙin taba kuwa an nuna tun 1997 shina ɗauke da abubuwan da ke haddasa irin wanga ƙulli.

Fasali na shida: abin da muke kira gare shi

Na fari, duk wanda ya kai shekara 40, ko mai tumbi, ko wanda uwa ko uba ko ɗan'uwa ke da ciwon, ko macen da ta haifi jariri da ya wuce kilo 4, shi tafi asibiti da safe bai ci komi ba a auna shi, ko da ba shi jin komi. Wanda ke yawan fitsari da dare, ga ƙishirwa, ga rama, ko kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari, ko miki ya ƙi warkewa, kada shi jira ranar kasuwa. Malami shi fara zuwa, shi faɗa a majalisi cewa ya je, don abin da malami ya yi ba shi zama abin kunya ga kowa.

Na biyu, a raba sukarin shayi biyu a zubar da lissafin rabi, bayan wata guda a sake rabawa. Harshe shina sabawa. A mayar da fura ga nono, a bar wa hatsi dusarsa gwargwadon hali, a yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa. A walima a aje ruwa mai sanyi gaban malamai, su kuwa su sa albarka gare shi a ji, don mai gida shi san bai gaza ba.

Na uku, a motsa. A 2002 anka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 da ke bakin kamuwa. Waɗanda anka sa su tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako da rage ƙiba kaɗan, kamuwarsu ta ragu da 58 cikin 100. Minti 150 a mako bai wuce rabin sa'a a kwana 5 ba. Malamin da ya taka zuwa masallaci mai nisa, ko ya kewaya bayan cin tuwon dare inda hanya ke da aminci, ya biya wanga bashi.

Na huɗu, wanda ciwon ya riga ya kama shi riƙe maganinsa, shi auna hawan jini, a duba masa bayan ido sau ɗaya a shekara ko da shina gani sarai. In ya zo wanke ƙafa ga alwala shi duba tafinta da tsakanin yatsu, don ƙafar da ta bar ji ba ta ba da labarin ƙaya. Kada shi yi tafiya ba takalmi, kada shi miƙa ƙafa ga wutar karatun dare da hunturu. Kafin azumi shi nemi shawarar likita a kan maganinsa.

Na biyar, ku almajirai da samari, kada ku ce wannan zancen tsofaffi ne. Madubin idon da za ku yi karatu da shi kuna da shekara 70 shi ne wanda ke cikin idonku yau, guringuntsin gwiwarku ma haka. Abin da kunka zuba cikin butar shayi bana, a jikinsu ake rubuta shi, kuma kun ji irin tawadar da ba ta wankuwa.

Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta wa wanda bai iya ba, shi kai ta cikin gida mata su ji, don su ke riƙe da cokali. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi mayar da waɗanda anka kora ga gonakinsu. Haza wasalam.